Ƙwaƙwalwa takwas cikin saba amma guda ɗai ka shan wahala

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka har sau biyu, bari in maimaita ta a gajarce don wanda bai gani ba shi san kan zancen. Kac ce kana da saba, wato kwamfutar da ke yi ma wasu hidima, mai Ubuntu 24.04, furosesarta ƙwaƙwalwa takwas (CPU0 zuwa CPU7), katin netwok Intel I350, kana raba intanet ga shaguna da gidajen hayar ɗalibai ta PPPoE, tsarin da kwastoma ke shiga da suna da lambar sirri, kwastomomi sun kai ɗari uku. Da rana komi lafiya lau, amma daga bayan Isha'i sai intanet ta fara jan ƙafa, kiran WhatsApp na tsinkewa, ka buɗe top, shirin da ke nuna nauyin aikin saba, ka ga aikin sabar duka bai wuce kashi 15 ba amma wani abu wai shi ksoftirqd/0 ya haye sama ya zauna daram. Wani yac ce ka sa irqbalance, ka sa, sai ciwon ya tashi daga CPU0 ya koma CPU3. Shi ne kake tambaya ko dai sabuwar saba za ka saye.

Kar ka sai komi tukuna, riƙe kuɗinka.

Fara da lissafin ƴan firamare. Ɗari raba takwas, 12.5 ke nan. Wato in ƙwaƙwalwa guda ta cika maƙil sauran bakwai na hamma, jimillar da top za ta nuna maka ba ta wuce sha biyu da rabi ba, ka ɗora ɗan aikin da sauran ke yi sai ka samu 15 ɗin da kake gani. Lambar nan ita ta yaudare ka. Cikin top danna 1 za ka ga kowace ƙwaƙwalwa da layinta, ka duba wurin da anka rubuta si, shi ne kason lokacin da ke tafiya ga sarrafa fakitin netwok da makamantansu. Ko ka sa sysstat ka yi

mpstat -P ALL 1

ka zuba ido kan %soft, shi ne si ɗin a can, da ƙarfe tara na dare, ba da hantsi ba lokacin da ɗalibai ke aji.

To mi ka faruwa a zahiri? Duk sa'ad da fakiti, wato ɗan ƙunshin bayanai, ya shigo katin netwok, katin shina aje shi cikin memori sannan shi ƙwanƙwasa ma furosesa ƙofa, wanga ƙwanƙwasawa ita ce intarof, kuma kowace tana da lamba, ita ce IRQ da kake gani. Ƙwaƙwalwar da anka ƙwanƙwasa ma sai ta aje abin da take yi ta amsa. Amsawar kanta ba wani aiki ba ne, ɗan lokaci kaɗan ne, direban katin shina rufe intarof ɗin nan take shi ce ma kanel, wato zuciyar Linux, zo ka kwashe, sai kanel shi bi layin shina ɗiba fakiti bayan fakiti har sai ya ƙare ko ya cinye kason da anka ba shi, wanda in ba a taɓa ba 300 ne a zagaye guda, netdev_budget ke nan. Wanga tsari sunansa NAPI. Inda gizo ke saƙar shi ne aikin da ka biyo bayan kwashewar: cire rigar PPPoE, bin dokokin fayawol ɗinka ɗaya bayan ɗaya, NAT wato canza adireshin kwastoma zuwa naka na waje, duba teburin conntrack mai riƙe lissafin hirarrakin da ke gudana, rage ma kowane kwastoma gudu daidai kuɗin da ya biya, sannan a tura fakitin waje. Kusan duk wannan ana yin shi ne a kan ƙwaƙwalwar da ta amsa ƙofa. In aikin ya fi ƙarfin a gama shi nan take sai kanel shi miƙa ma ksoftirqd na wannan ƙwaƙwalwa, shi ya sa kag ga ksoftirqd/0, sifilin nan CPU0 yake nufi. Shi ba ɓarawo ba ne, ɗan dako ne da anka jibga ma kaya.

Yanzu batun irqbalance. Ka ɗauka gidan mai ne lokacin wahalar mai, ma'aikata takwas cikin yunifom amma famfo guda ɗai ka aiki, layi ya miƙe har titi. Manaja ya zo ya ce Sani ka gaji, matsa Umaru shi kama. Umaru ya kama. Layin ya ragu? Ko mota guda. Abin da irqbalance ke yi ke nan, duk daƙiƙa goma shina duba wace IRQ ce ta fi nauyi, wace ƙwaƙwalwa ce ta fi hutu, sai shi canza ma IRQ wurin zama. Ba shi iya tsaga IRQ guda biyu. In nauyinka duka kan lamba guda yake, to yawo kawai za a yi ta yi da shi, yau CPU0 gobe CPU3, daidai abin da kag gani. Ba wai shirin banza ba ne, a saba mai faifai da yawa da katuna da yawa da babu mai lokacin zama shi daidaita su shina da amfani ƙwarai. Amma ka lura su kansu masu Ubuntu daga 24.04 sun daina sa shi kai tsaye, sai wanda ya so shi ɗora, shi ya sa ma ba ka iske shi a sabarka ba sai da ka sa da hannunka.

Saboda haka tambayar farko ba wa zai riƙe famfo ba ce, famfo nawa gare ka. Yi

ethtool -l eno2

ka canza eno2 da sunan bakin katin, wato ramin waya, da kwastomominka ke shigowa ta ciki. Za ka ga kashi biyu, na sama iyakar abin da katin ke iyawa, na ƙasa abin da shike kai yanzu, ka duba Combined, shi ne yawan layukan jiran fakiti, kowane da tasa IRQ, famfunan ke nan. I350 na iya kai layi takwas a kowane baki, ƙaramin ɗan'uwansa I210 huɗu, su kuma katunan Realtek da ke zuwa manne da yawancin kwamfutocin tebur layi guda gare su, duk abin da za ka yi ba su ƙaruwa. Abin da ya ba da damar layuka da yawa shi ne MSI-X, wanda ke barin na'ura guda ta mallaki intarof har 2048, tsohon MSI iyakarsa 32. In ka ga iyaka takwas amma ana kan ɗaya, to

ethtool -L eno2 combined 8

Amma don Allah ba da dare ba. Wanga umurni shina sa katin shi sake tashi, layin na ɗaukewa na ƴan daƙiƙu. Ni na taɓa yin shi ƙarfe takwas da rabi na dare a wurin wani da nike taimaka ma wa, ina zaune gidana Mabera nan Sakkwato na shiga sabar daga nesa ta SSH, kuma ta bakin da nike ciki na yi shi. Allon ya tsaya cak. Kafin in gama salati waya ta fara ruri, mai wurin shina cewa Injiniya mi kay yi, mutane sun cika ni da kira ana tsakiyar kallon ƙwallo. Intanet ɗin ta dawo da kanta amma wasu rautocin kwastomomi sai da anka kashe anka kunna. Tun ran nan bayan sallar Asuba nike irin wanga aiki.

In layukan sun buɗe, katin shina raba fakiti tsakaninsu da abin da ake kira RSS. Shina ɗaukar adireshin IP na mai aikawa da na mai karɓa da lambobin fot guda biyu shi dama su shi fitar da lamba, lambar nan ita ka nuna layin da fakitin zai bi. Hikimar ita ce duk fakitin hira guda layi guda za su bi don kar na baya shi riga na gaba isa, TCP ba ta son haka ko kaɗan, tana ɗauka ɓata anka yi sai ta rage gudu.

Nan ne naka ya bambanta da abin da za ka karanta a yawancin wurare, kuma ina da yaƙinin nan matsalarka take. PPPoE na naɗe fakitin IP cikin wata riga, katuna da yawa irin naka in sun leƙa ba su ganin IP, baƙon abu suke gani, sai su watsa shi layin farko. Duka. Kwastoma ɗari uku, layi takwas a buɗe, amma kowa na bin rx-0, layin farko. Ba sai ka yarda da ni ba, duba da idonka:

watch -n1 -d 'grep eno2 /proc/interrupts'

Kowane layi na katin da jerensa, kowace ƙwaƙwalwa da ginshiƙinta, -d ɗin nan na haska lambar da ke motsi. In jere guda ke gudu kamar mitar famfon mai sauran na tafiyar hawainiya, ka kama ɓarawonka. ethtool -S eno2 ma zai nuna maka fakiti nawa kowane layi ya karɓa. Ka gwada ɗaya bakin kuma, wanda ke fuskantar inda kake sayen intanet, can IP ne tsirara ba riga, ya kamata ka ga sun rarrabu lafiya. In shi ma can ta wani rami kake karɓa irin GRE ko VPN, to shi ma hira guda katin zai gani, a layi guda zai tara.

Maganin wanga shi ne RPS. Tunda katin ya kasa rabawa sai kanel shi raba da kansa. Tom Herbert na Google ya kawo shi, ya shiga Linux 2.6.35 a 2010, tsohon abu ne da ya daɗe shina aiki. Ƙwaƙwalwar da ta amsa ƙofa ba za ta yi aikin duka ba, za ta ɗaga rigar PPPoE ta leƙa IP ɗin ciki, kanel ya iya wannan, ta yi lissafin ta miƙa fakitin ga wata ƙwaƙwalwa, can za a yi NAT da fayawol da sauran wahalar. Famfon guda ne har yanzu amma mai riƙe da shi zuba mai kawai yake, wani na karɓar kuɗi, wani na ba da canji, wani na jera motoci. Kunna shi layi guda ne:

echo fe > /sys/class/net/eno2/queues/rx-0/rps_cpus

Mi ne fe? Lambar heks ce, kowace ƙwaƙwalwa na da matsayinta: CPU0 1, CPU1 2, CPU2 4, CPU3 8, haka ake ninkawa. ff na nufin duka takwas, fe na nufin duka ban da CPU0. Na cire CPU0 da gangan don a can za mu zaunar da intarof ɗin rx-0, ta riga tana da aikin kwasa da rabawa, kar a ƙara mata. Wanga ba ya ɗauke layi, kana iya yin shi ko yaushe, in bai yi maka ba ka mayar da 0 shi ke nan. Za ka ga wasu na cewa ka haɗa da RFS, ka sa 32768 a rps_sock_flow_entries. Kai bai shafe ka ba. RFS amfaninsa shi kai fakiti inda manhajar da ke jiransa take zaune, kamar sabar yanar gizo ko rumbun bayanai, kai kuwa fakitinka wucewa kawai suke yi, babu mai jiransu cikin gida.

Sai zaunar da kowace IRQ a wurinta. Da farko ka kashe irqbalance gaba ɗaya,

systemctl disable --now irqbalance

in ba haka ba kana gyarawa shina warwarewa bayan daƙiƙa goma, ka yi ta tsammanin aljanu ne. In lalle kana son barinsa don faifai, akwai --banirq da za ka hana shi taɓa lambobin katin. Sannan ka ɗauki lambar kowace IRQ daga farkon jeren /proc/interrupts, misali in 45 ce ta layin farko,

echo 0 > /proc/irq/45/smp_affinity_list

ta gaba ka ba ta 1, ta gaba 2, layi guda ƙwaƙwalwa guda. Ka lura na ce smp_affinity_list, mai list a ƙarshe. Akwai ɗan'uwansa smp_affinity shi heks yake ci, kuma ya taɓa kunyata ni. Wata saba mai ƙwaƙwalwa sha shida, ina son in kai wata IRQ CPU10 sai na rubuta 10 ciki hankali kwance, na zauna kusan awa guda ina kallon CPU10 ba ta motsi ita kuwa CPU4 na ta hayaƙi. 10 a heks sha shida ne, sha shida kuwa matsayin CPU4 ne. Mai list lambar ƙwaƙwalwa kai tsaye yake karɓa, ba lissafi. Wani abu kuma, kar ka rubuta 0-7 kana zaton intarof ɗin zai riƙa zagayawa tsakaninsu, a yawancin injinan yanzu kanel guda zai zaɓa cikinsu shi manne mata, buɗe effective_affinity_list cikin wannan folda za ka ga gaskiyar inda take sauka.

Takwas ɗin nan taka ma sai ka bincika, takwas ce ta gaske ko huɗu ce masu tagwaye? lscpu zai gaya maka, in ka ga Thread(s) per core 2 to kowace biyu jiki guda suke rabawa. Fayil ɗin thread_siblings_list da ke ƙarƙashin /sys/devices/system/cpu/cpu0/topology shi ka nuna wa ke tagwaye da wa, sau da yawa 0 da 4 ne, 1 da 5, ba 0 da 1 ba kamar yadda mutum zai zata. In haka ne layi huɗu ya ishe ka a kowane baki, kuma abokiyar tagwaicin CPU0 ita ma ka cire ta daga lissafin RPS, misali in 0 da 4 ne sai ka sa ee maimakon fe. Batun NUMA kuwa sai in furosesa biyu gare ka a allo guda, irin tsofaffin sabobin Dell da HP ƴan gwanjo da munka saba saye, sai ka duba /sys/class/net/eno2/device/local_cpulist ka tsaya cikin ƙwaƙwalen da ya lissafa, don su ne kusa da ramin da katin ke soke. Furosesa guda, manta da shi.

In ka je kan na faifan NVMe ka ga echo na ce maka Input/output error, ƙyale su, kanel ne ke riƙe da waɗannan da kansa kuma ya riga ya raba su daidai.

Bayan ka yi wanga duka, daren farko ka duba abu biyu. Jeren NET_RX cikin /proc/softirqs, ya kamata duk ginshiƙan su riƙa motsi. Sai /proc/net/softnet_stat, kowane jere ƙwaƙwalwa guda, lambobin heks ne, ginshiƙi na biyu fakitin da anka zubar don wurin jira ya cika, na uku sau nawa kanel ya cinye kasonsa aiki bai ƙare ba. Ba girman lambar za ka duba ba tunda tun ranar da anka kunna sabar take taruwa, ko tana ƙaruwa yanzu shi ne zancen. In na biyu na hawa bayan ka kunna RPS ka ɗaga net.core.netdev_max_backlog daga 1000 da yake zuwa da shi, ka ninka shi ka sake dubawa, kar ka zabga masa miliyan don ka gani a wani wuri, dogon layi jinkiri ne, masu kiran bidiyo za su ji a jikinsu. Haka in ethtool -S na nuna rx_missed_errors ko rx_fifo_errors na ƙaruwa, duba ethtool -g ka ƙara girman zoben karɓa da -G, shi ma da Asuba don shina ɗauke layi.

Akwai abin da nike son ka sa a ranka game da yawan fakiti. Layin gigabit guda in manyan fakiti ne masu bayit 1500, wajen dubu 81 ne a daƙiƙa, in kuwa ƙanana ne na ƙarshe sun kai miliyan 1.48. Furosesa ba megabit take ƙirgawa ba, kawuna take ƙirgawa, kowane fakiti komi ƙanƙantarsa sai ya bi dokokin fayawol ɗinka. Abin da ke fitowa daga wajen kwastoma kuwa yawanci ƙananan ne, amsar TCP, muryar kira, wasan gem. Shi ya sa za ka ga megabit ɗin da ke hawa sama ba yawa amma ƙwaƙwalwar ta cika. In bayan rabawa har yanzu %soft na da yawa a ko'ina, yi perf top -C 1 ka ga sunan abin da ke sama, in ipt_do_table ne ko nft_do_chain to dokokinka sun yi yawa, na san masu sa doka guda ga kowane kwastoma har ɗari uku a jere, ka tattara su cikin ipset ko set na nftables, bincike guda ya wadatar.

Saura biyu da sunka shafe mu nan Sakkwato musamman. Duk abin da ka rubuta cikin /proc da /sys iska ne, da an ɗauke wuta inbata ta gaza sabar ta sake tashi komi ya koma yadda yake, har ethtool -L ɗin. Ka zuba su cikin ɗan sikirif ka yi masa sabis na systemd da zai tashi bayan netwok, kuma kar ka rubuta 45 da hannu ciki, lambobin IRQ na iya canzawa, sa shi ya nemo su da grep daga sunan katin duk tashi. Ka gwada ribut guda da kanka ranar da kake kusa da ita, kar ka bari janareto shi gwada maka ranar da ka tafi ɗaurin aure Wamakko.

Na biyu zafi. Watan Afrilu da Mayu nan garin ana wuce digiri 40, in sabarka na cikin shago mai rufin kwano da fanka guda, ga ƙurar hunturu da ta toshe mata hanci tun Janairu ba a busa ba, furosesa na rage gudunta da kanta don kar ta ƙone, kuma ƙwaƙwalwar da ke ɗauke da kaya ita ka fara yin zafi. A injin Intel duba core_throttle_count cikin /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle, in ba sifili ba ne kuma shina ƙaruwa, to kafin duk wani echo ka nemo bulowa ka buɗe murfin ka busa ta, ka canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya in ya bushe.

Yau da dare kar ka taɓa komi, ɗauko min hoton mpstat da na /proc/interrupts da ethtool -l na bakunan biyu wajen ƙarfe tara. Gobe ka sa RPS ɗin kaɗai, ka sake ɗauka a daidai wannan lokaci, ka turo su tare da abin da lscpu ya nuna sai in gaya maka lambar da za ka sa da inda za ka zaunar da kowane layi. Ka gaida mutan gida.